Wai yaya zafi zai sa abu ya tsuke, alhali rawar atam ɗin nan ce aka ce tana buɗa shi?

Ɗalibar Fiziks ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu ilimin fiziks ko kemistiri ku taimaka min da wani abu da ya tsaya min a rai. Tun muna sakandare abin da aka koya mana shi ne duk abin da ka ɗumama sai ya buɗe, ƙarfe ne ko gilashi ko kankare, shi ya sa ake barin 'yar tazara tsakanin ƙarafunan layin dogo, shi ya sa wayoyin wuta suke saki su lanƙwaso ƙasa lokacin bazara, kuma dalilin da aka ba mu shi ne wai atam ɗin da ke cikin abu ba a tsaye suke ba kullum cikin rawa suke, in zafi ya ƙaru rawar ta ƙaru sai kowa ya ture maƙwabcinsa abu ya buɗe. Ruwa ne kaɗai aka ce mana ya fita zakka, shi ma tsakanin digiri 0 ne da 4.

To yanzu a kwas ɗin da muke yi na daskararrun abubuwa malaminmu ya ambaci wani kiristal wai shi zirkoniyam tangistet, ZrW2O8, ya ce shi kam in ka ɗumama shi tsukewa yake, kuma ba na ɗan taƙaitaccen zafi ba kamar ruwa, tun daga kusan ƙarshen sanyi har sama da digiri 700. Wani a aji ya tambayi dalili ya ce rawar atam ce, lokaci ya ƙare ya kwashi takardunsa ya fita.

Abin da ya ɗaure min kai kenan. Rawar atam ce ke buɗa ƙarfe, rawar atam ce kuma ke tsuke wannan?? Ta yaya dalili ɗaya zai haifi abu da kishiyarsa? Kuma in ya huce yana komawa yadda yake ko ya tafi kenan? Jarabawa ta matso wlh, kuma ni ba na son in haddace abin da ban gane ba.

Mai Walda ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ni dai ban yi boko mai nisa ba amma wuta da ƙarfe su ne abincina, kuma ban taɓa ganin ƙarfen da aka sa wa wuta ya ƙanƙance ba. In muna son zobe ya shiga shaf ɗin da ya yi masa kauri wuta muke hura masa ya buɗe mu zura shi, yana hucewa ya damƙe, sai dai a yanka. Walda ma haka ne, wurin da ka zuba ta yana hucewa yake janyo ƙarfen, shi ya sa in yaro bai iya ba za ki ga get ya karkace.

Abubuwan da na san wuta na tsuke su su ne leda, da roba, da tukunyar ƙasa in an gasa ta, da nama a kan wuta, kuma dukkansu ko dai narkewa suke ko ruwa ne ke fita daga jikinsu. Don haka nake ga wannan abin naku ma ruwa ne ko wata iska ke tsiyayewa daga cikinsa, a auna nauyinsa kafin da bayan an gasa a gani. Allah ya ba da sa'ar jarabawa.

Malam Na-Lab ya amsa:

Ƙanwata malaminku gaskiya ya faɗa, kawai dai ya ba ku rabi ne ya tafi da rabi. Mai Walda, gwajin da ka kawo na auna nauyi shi ne daidai abin da ya kamata a fara yi, kuma amsar ita ce babu abin da ke fita daga cikinsa, nauyinsa yana nan, in ya huce ya koma girmansa na da cif, ka sake ɗumamawa ya sake tsukewa. Tukunyar da aka gasa kuwa ta tsuke kenan har abada. Leda kuma nata dabam ne, dogayen zaruruwan da aka yi ta da su ne aka ja aka miƙar a masana'anta, zafi ya sake su suka nannaɗe.

Bari mu fara da gyara wancan bayanin na sakandare, don shi ne ya jawo ruɗanin. Ƙaruwar rawa kaɗai ba ta buɗa komai. Da a ce atam yana matsowa kusa da maƙwabcinsa daidai gwargwadon yadda yake ja da baya, to komai ƙarfin rawar matsakaicin wurin zamansa ba zai canza ba, ƙarfe ba zai ƙara ko ɗigo ba. Abin da ke faruwa shi ne matse atam biyu ya fi raba su wuya nesa ba kusa ba, in sun matso suna tunkuɗe juna da ƙarfi sosai, in sun yi nisa kuwa jan da suke wa juna sassauƙa ne. Saboda haka rawar tana zurfafa ta ɓangaren nisa fiye da ɓangaren kusa, matsakaicin tazarar ya ƙaru. Wannan shi ke ba ƙarfe kashi 12 cikin miliyan a kowane digiri, wato sandar ƙarfe mai mita ɗaya in kin ƙara mata digiri 100 za ta ƙara milimita 1.2, alminiyam kuma kusan ninki biyun haka, wajen kashi 23. Ki lura, duk wannan magana ce ta rawar da ke bin tsawon ɗaurin da ke tsakanin atam biyun, gaba da baya.

Amma atam ba gaba da baya kaɗai yake rawa ba, yana yi gefe da gefe. A nan labarin yake.

Ki ɗauki atam uku a jere, ƙarfe, oksijin a tsakiya, ƙarfe. Ki tuna wasan tsallen igiya, yara biyu sun riƙe bakin igiya nan da can. In igiyar na miƙe tsakaninsu tsawon igiyar ne. Da zarar an fara kaɗa ta cikinta ya yi baka ya fita gefe, dole hannayen yaran su matso kusa da juna, ba don igiyar ta gajarce ba, tsawonta na nan, sai don ta daina bin miƙaƙƙiyar hanya. Kuma ko sama ta yi ko ƙasa ko dama ko hagu duk janyo su take, babu gefen da za ta karkata ta ture su. To cikin igiyar shi ne oksijin, yaran su ne atam ɗin ƙarfe biyun. Zafi ya ƙaru, oksijin ya ƙara lilo gefe, ƙarafan biyu su ƙara matsowa. In haka ta faru a kowane lungu na kiristal ɗin a lokaci ɗaya sai gaba ɗayansa ya tsuke.

Lissafin ma na aji huɗu ne. In tsawon kowane ɗauri d ne kuma ya karkace da kusurwa θ, tazarar ƙarafan biyu ta zama 2d cos θ. Ki saka digiri 5 a kalkuleta, cos ɗinsa 0.9962 ne, kin ga an rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari kenan daga 'yar karkacewar da ido ba zai ma lura da ita ba a zane. Shi ɗaurin kansa fa bai gajarce ba, hasali ma yana ɗan ƙara tsawo kamar na kowa, sai dai ƙarin ƙanƙani ne saboda ɗauri ne mai tauri, abin da lilon gefe ya cinye ya fi shi. Wato abubuwa biyun suna faruwa tare a cikin kiristal ɗaya, wanda ya rinjaya shi muke gani a ma'auni.

Yanzu shi ZrW2O8 ɗin. Kowane zirkoniyam yana zaune tsakiyar oksijin 6, sun yi masa siffa mai fuska takwas. Kowane tangistin yana tsakiyar oksijin 4, siffa mai fuska huɗu. Waɗannan siffofin ba su manne da juna gefe da gefe ba, a kusurwa kaɗai suke haɗuwa, oksijin ɗaya na wannan ne kuma na wancan, shi ya sa akwai fili da yawa fanko a tsakaninsu. Wani abin kuma, a oksijin huɗun kowane tangistin uku ne kaɗai ke haɗe da zirkoniyam, na huɗun a sake yake, wannan ya ƙara wa ginin sassauci. Sakamakon shi ne yana tsukewa da wajen kashi 9 cikin miliyan a kowane digiri, in ya haura wajen digiri 155 tsarin cikinsa ya ɗan sauya adadin ya sauko wajen 5, amma bai daina ba. Kuma saboda gininsa mai siffar kiyub ne tsukewar ɗaya ce ta kowace fuska, tsawo da faɗi da kauri, wannan ne ya sa aka yi ta ɗokinsa, don akwai abubuwa da dama da ke tsukewa ta fuska ɗaya suna buɗewa ta wata.

Ba sabon abu ba ne ma, tun 1959 aka fara haɗa shi, a 1968 Martinek da Hummel a jami'ar Penn State ta Amurka suka auna suka ga yana tsukewa, aka bar maganar ta kwanta kusan shekara talatin. Sai a 1996 rukunin Arthur Sleight na jami'ar jihar Oregon, da Mary da Evans da Vogt, suka fitar a mujallar Science cewa tsukewar ba ta yankewa tun daga 0.3 K (K ɗin Kelbin ne, ma'aunin zafi da ke fara ƙirga daga ƙarshen sanyi) har 1050 K, wato kusan digiri 777 na Salshiyas, suka kuma nuna yadda gininsa yake. A wannan shekarar ne Martin Dove da Volker Heine da abokan aikinsu a Kambirij ta Ingila suka kawo bayanin da yawancin littattafai ke koyarwa yanzu, cewa waɗancan siffofi masu fuska takwas da masu fuska huɗu suna juyawa ne ɗungurungum ba tare da sun lanƙwashe ba, kusurwoyin da suka haɗu su ne ke naɗewa, kuma irin wannan juyin ba ya cin kuzari da yawa shi ya sa ɗan zafi kaɗan ke tada shi. In aka tambaye ki a jarabawa wannan za ki rubuta.

Kada dai ki zaci abin kallo ne, duk tsukewar daga farkon zangon har ƙarshensa ba ta kai kashi 1 cikin ɗari na tsawonsa ba.

Ɗalibar Fiziks ta amsa:

Kai Malam Allah ya saka da alheri, na saka cos 5 ɗin na gani da idona. Amma bari in ƙara damun ka. Ai a kowane kiristal atam na rawar gefe da gefe, ba a wannan kaɗai ba, to me ya sa gishirin miya ba ya tsukewa, shi ma ai sodiyam, kulorin, sodiyam ne a jere kamar yadda ka zana? Na biyu kuma, abin da ke kaɗawa sau tiriliyan a sakan ɗaya kuma ba a ganinsa ko da madubin likita, wa ya gan shi yana yin gefe har aka tabbatar? Ko dai hasashe ne kawai da ya dace da lissafi?

Anti Kemistiri ta amsa:

'Yata tambayar gishirin nan ita ce tambayar, da ina koyar da ku da na ba ki maki a kanta.

Bambancin fili ne. A gishiri kowane kulorin sodiyam 6 ne suka kewaye shi, sama da ƙasa, gaba da baya, dama da hagu. In ya yi lilo gefe ga waɗannan biyun, to kai tsaye ya nufi cikin wani sodiyam ɗin ne, wato abin da yake rawar gefe ga maƙwabci ɗaya rawar tunkuɗa ce ga wani maƙwabcin, sai turewa ta yi nasara, shi ya sa gishiri ke buɗewa da wajen kashi 40 cikin miliyan, ya fi ƙarfe sau uku da ɗoriya. A zirkoniyam tangistet kuwa oksijin ɗin gada maƙwabta biyu kaɗai gare shi, gefensa babu kowa, yana da inda zai faɗa. Sharuɗɗan kenan, ɗauri mai tauri da ba ya miƙewa da sauƙi, atam mai maƙwabta kaɗan, da fili fanko a gefensa.

Akwai hanyar da masana ke auna wannan da lamba, sunan Bajamushe Eduard Grüneisen aka sa mata. Kowane salon rawa da atam ke yi tare a kiristal, wanda muke kira fonon, ana tambaya ne: in na matse kiristal ɗin, saurin wannan rawar ƙaruwa zai yi ko raguwa? A yawancin abubuwa ƙaruwa yake, lambar ta fito sama da sifili. Amma ki koma igiyar da Malam ya kawo, in yaran suka matso igiyar saki take, sakakkiyar igiya kuma a hankali take kaɗawa, wato matsewa ta rage saurin, lambar ta faɗi ƙasa da sifili. Kuma zafi kullum yana tura abu ne wajen yanayin da rawa ta fi arha, inda atam za su sami hanyoyin motsi da yawa da ɗan kuzari, abin da kuke kira entirofi a ajinku. Kiristal ɗin da tsukewa ke sauƙaƙa masa rawa, to in ya ji zafi tsukewa zai yi. A ƙarshe ana haɗa gudummawar duka fonon ɗin ne a ga ina ma'auni ya karkata.

Kuma abin ya fi yawa fiye da yadda ake zato, sai dai yawanci a ɓoye yake cikin tsananin sanyi. Silikon ɗin da ke cikin wayarki maƙwabta 4 kowane atam ɗinsa ke da su, gini ne mai fili, kuma tsakanin wajen 18 K da 120 K tsukewa yake in an ɗumama shi, saboda a wannan sanyin rawar gefe mai arha ce kaɗai ta farka, sai zafi ya ƙaru sauran su farka su danne ta ya koma buɗewa. Ƙanƙara ma tana yin haka ƙasa da wajen 70 K. Shi ruwan digiri 0 zuwa 4 da aka koya muku ki ware shi gefe, ba kiristal ba ne, can buɗaɗɗen tsarin da ƙwayoyin ruwa suka gada daga ƙanƙara ne ke rushewa suna ƙara cunkushewa. Zink sayanayid da kadmiyam sayanayid kuma sun ma fi zirkoniyam tangistet tsukewa, wajen kashi 17 da 20 cikin miliyan, don gadarsu atam biyu ce, kabon da naitirojin, ta fi tsawo ta fi lilo, Goodwin da Kepert ne suka auna a 2005. Guba ce dai, ba abin wasa ba.

Batun wa ya gani, da niyutiron ake gani, wato ƙwayoyin cikin atam marasa caji. Ana harba niyutiron da aka san kuzarinsu cikin kiristal, wasu su ba rawar atam ɗin kuzari wasu su karɓa, a auna nawa suka rasa ko suka samu da kuma inda suka karkata, daga nan a fitar da saurin kowace rawa. Bertram Brockhouse ne ya gina wannan dabara a Chalk River ta Kanada a shekarun 1950, ya ci Nobel a kanta a 1994. A 1998 Ernst da Broholm da Kowach da Ramirez suka yi wa ZrW2O8 wannan awon, suka tarar fonon masu jawo tsukewar na can ƙasa ne, ƙasa da 10 meV (ɗan ƙaramin ma'aunin kuzari ne), alhali kuzarin zafin ɗaki wajen 25 meV ne. Kin ga dalilin da ya sa tun cikin tsananin sanyi abin ke farawa.

Inda zan ɗan saɓa wa Malam Na-Lab shi ne maganar siffofin nan da ke juyawa ɗungurungum ba sa lanƙwashewa. A rubuta a jarabawa, ban hana ba, amma ba a rufe littafi a kanta ba. Tun 2002 rukunin Frank Bridges a Santa Cruz ta Kalifoniya suka auna da hasken eksire suka ce haɗin zirkoniyam, oksijin, tangistin ya fi tauri fiye da yadda wancan bayanin ke buƙata, a 2005 Tucker da Dove da Keen suka mayar da martani da awon niyutiron suna kare nasu. Matsalar ZrW2O8 ita ce cunkoso, atam 44 ne a ɗan akwatin da ke maimaita kansa, rassan fonon 132, kowa zai iya samun abin da yake nema a ciki.

Shi ya sa ni na fi son sikandiyam fulorayid, ScF3. Atam 4 kacal a akwati, sikandiyam a kusurwar kiyub, fulorin a tsakiyar kowane gefe, tazarar sikandiyam biyu wajen angistirom 4 (angistirom ma'aunin tsawo ne na girman atam), babu inda za a ɓuya. A 2010 rukunin Angus Wilkinson na Georgia Tech suka nuna yana tsukewa tun daga 10 K har wajen 1100 K, kuma a wajen 100 K ya kai kashi 14 cikin miliyan. A 2011 Chen Li da Brent Fultz na Caltech suka kai shi Oak Ridge ta jihar Tenesi suka harba masa niyutiron, suka ga ƙarfin da ke dawo da fulorin tsakiya in ya kauce bai bi dokar Hooke da kuka sani ba, wadda ta ce ƙarfin dawowa na ƙaruwa daidai da nisan kaucewa, kusan babu shi in kaucewar kaɗan ce, sai ya taso da sauri in ta yi nisa, kuzarin na tafiya da x⁴ ne maimakon x². Sannan a 2019 Igor Zaliznyak da abokan aikinsa na Brookhaven suka auna tazarar atam biyu-biyu a zafi dabam-dabam, suka tarar tazarar sikandiyam da fulorin na nan daram, amma tazarar fulorin da fulorin ɗan'uwansa ta watse sosai da zafi ya ƙaru. Da a ce siffar mai fuska takwas ɗungurungum take juyawa da wannan tazarar ma ta tsaya daram. Su dai suka ce kowane fulorin lilonsa yake shi kaɗai, kuma lissafin ya fi kama da na roba da sauran abubuwa masu dogayen zaruruwa. Ni a ScF3 na fi gamsuwa da wannan. Wanda sunansa ya zo farko a takardar ma, David Wendt, yana ɗalibin sakandare ya fara aikin da su, don haka ke da kike jami'a ba ki da uzuri.

Tsohon Injiniya ya amsa:

Na ji daɗin wannan muhawara. Ni abin da zan ƙara shi ne amfanin, don wani zai ce to sai me in wannan kiristal ya tsuke da ƙasa da kashi ɗaya. Mu a aikin injiniya ba abin da ke tsukewa muke nema ba, abin da ba ya motsi sam muke nema, kuma hanyar samunsa ita ce ka gauraya mai buɗewa da mai tsukewa su kashe juna. Layin dogo mai kilomita ɗaya in zafi ya ƙaru da digiri 30 zai so ya ƙara santimita 36, wannan ana iya shirya masa. Amma madubin hangen taurari in ya motsa da abin da bai kai kaurin gashi ba hoto ya lalace.

Akwai Zerodur na kamfanin Schott a Jamus, tun 1968, gilashi ne da aka gasa har ƙananan kiristal suka tsiro a cikinsa suka kai wajen kashi 70 cikin ɗari, kiristal ɗin na tsukewa gilashin da ya rage na buɗewa, jimla kusan sifili. Da shi aka yi madubai huɗu masu faɗin mita 8.2 na babbar tashar hangen taurari da ke Paranal a Chile, da gutsattsarin madubai 36 na kowace na'urar hangen taurari ta Keck a Hawai. Baƙin gilashin saman kukar lantarki ma danginsa ne, shi ya sa tsakiyarsa zai yi ja gefensa na da sanyi bai tsage ba. Kofin gilashin gida kuwa ki zuba masa tafasasshen ruwa ki ji.

Sai Invar, ƙarfe da nikel kashi 36, wanda Charles Guillaume ya gano a 1896 har ya ci Nobel a 1920, mun yi amfani da tef da sandar awo na Invar a aikin safiyo saboda rana ba ta canza tsawonsu. Ina jin shi ma wannan rawar gefen ce ke aiki a cikinsa ko Malam?

Malam Na-Lab ya amsa:

Baba Injiniya Allah ya ƙara lafiya, Invar kam ba ita ba ce. Atam ɗinsa a cunkushe suke, kowanne maƙwabta 12, babu filin lilo. Nasa maganaɗisu ne, yanayin maganaɗisun yana riƙe atam ɗin a ɗan buɗe, zafi na raunana shi suna matsowa, sai wannan ya kashe buɗewar da rawa ke kawowa, ya rage kashi 1 da 'yan kai cikin miliyan. Shi ya sa in zafi ya haura digiri 200 da wani abu maganaɗisun ya tafi sai ya koma buɗewa kamar kowane ƙarfe. Ƙanwata ki kula da wannan a jarabawa, ba duk abin da ke tsukewa da zafi ne na fonon ba, akwai na maganaɗisu, akwai kuma irin kiristal ɗin PbTiO3 da nasa ke zuwa daga karkatar cajin lantarki a cikin akwatinsa har zuwa digiri 490.

Anti, a ScF3 ba ni da ja. A ZrW2O8 dai ina nan kan bakana, mai fuska huɗun tangistin yana da tauri ƙwarai, in akwai mai lanƙwashewa to na zirkoniyam ne.

Gaurayawar da Baba ya faɗa kuma an gwada ta da ZrW2O8 kansa, kuma a nan ne filin da ya ba shi baiwar ya zame masa matsala. Gini mai fanko ba ya jure matsi, da zarar matsin ya kai wajen 0.2 GPa (ma'aunin matsi ne) sai ya rufta ya koma wani tsarin da tsukewarsa kaɗan ce ƙwarai, in ya haura wajen 1.5 GPa ma tsarin kiristal ɗin ne ke fara rushewa gaba ɗaya. Da aka gauraya shi da jan ƙarfe ana son a sami abin da ke kwashe zafi amma yana buɗewa daidai da silikon, sai ya zamana garin hucewa jan ƙarfen na tsukewa shi kuma yana buɗewa, suka matse juna har wani sashensa ya rufta. Haɗa shi ma aiki ne, a tsakanin wajen digiri 1105 da 1257 kaɗai yake zaune da gindinsa, sai a ciro shi daga tanda a sanyaya shi farat ɗaya kafin ya rabu, in kuma aka sake kai shi sama da digiri 777 ɗin nan sai ya koma ZrO2 da WO3 da aka haɗa shi da su.

Mai Walda ya amsa:

To Malam na sallama a kan nauyin. Amma wannan na ƙarshen ai mun san shi, in ka haɗa ƙarfe biyu da ba sa hucewa tare dole ɗaya ya ci ɗaya, haka ƙarfen kas ke tsage mana in aka yi masa walda da ilektirod ɗin da ba nasa ba, sai an sa mai nikel kuma a bar shi ya huce a hankali cikin yashi. Baba Injiniya tef ɗin Invar ɗin nan har yanzu ana samunsa a kasuwa kuwa, ko sai an yi oda?